Tunda An Gafarta Mini, Zunubi Yana Da Sauran Nauyi? Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa a bakin masu bi, sabon tuba da wanda ya tsufa a coci duk sukan yi su. Wasu tsoro ne ya hana su barci, wasu kuma wani wa'azi suka ji da ya ce musu zunubi ya daina zama matsala tunda Yesu ya gama komai a kan gicciye. Inda ɗariku suka rabu na faɗi abin da kowa ya riƙe, inda nake da ra'ayi kuma ban ɓoye shi ba.

In Allah ya riga ya gafarta mini, zunubin da zan yi nan gaba yana da wani nauyi kuma?

Yana da shi, sosai ma. A nan dai Katolika da Otodoks da Lutheran da Anglikan da Baptis da Methodist da 'yan Pentikostal duk bakinsu ɗaya ne, babu wata babbar ɗarika da ke koyar da cewa mai bi ya yi abin da ransa ke so babu komai. Inda suka sha bamban shi ne irin ɓarnar da zunubin ke yi. Wasu sun ce zai iya kai mutum ga rasa ceto ɗungurungum, wasu sun ce ceton ba ya taɓuwa amma zumunci da Allah da lamiri da shaidar mutum duk suna jin jiki. Bayanin wannan rabuwar yana ƙasa, a tambayar rasa ceto.

Ka duba matar nan da aka kawo wa Yesu an kama ta tana zina, a Yohanna sura 8. Ya ce mata shi ma bai hukunta ta ba, a take kuma ya ce ta tafi kada ta ƙara yin zunubi. A numfashi ɗaya ya faɗi maganganun biyu, kuma yawancin ruɗanin da mutane ke shiga a wannan batu daga ɗaukar ɗaya a yar da ɗaya yake tasowa.

To mene ne takamaimai gafara take ɗaukewa, mene ne kuma take bari?

Tana ɗauke laifin da hukuncinsa a gaban Allah, kuma gaba ɗaya take ɗaukewa. Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, Zabura 103:12 ta ce ya nisantar da laifofinmu kamar nisan gabas da yamma. Allah ba ya gafartawa yau gobe ya tono maganar.

Amma abin da zunubin ya haifar a duniya sau da yawa yana nan daram. Labarin Dauda a 2 Sama'ila sura 11 da 12 ya isa misali. Ya kwana da Batsheba, ya shirya aka kashe mijinta Uriya a bakin daga, annabi Natan ya zo ya fuskance shi, ya amsa laifinsa, Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinka ba za ka mutu ba. Gafara ta tabbata kenan. Duk da haka yaron da aka haifa ya mutu, kuma an gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, in ka ci gaba da karatu za ka ga abin da ya faru tsakanin 'ya'yansa Amnon da Tamar da Absalom, gida ya wargaje a kan idonsa. Uriya kuwa bai tashi daga kabari ba don Dauda ya rubuta Zabura 51. Haka Musa, bai shiga ƙasar alkawari ba sabida abin da ya yi a wurin dutsen nan a Littafin Ƙidaya sura 20, amma shi ne muka gani tsaye tare da Yesu a kan dutse a Matiyu 17, kun ga ashe Allah bai yashe shi ba.

Ba Bulus ne ya ce inda zunubi ya yawaita alheri ya fi yawaita ba? Ashe kenan babu damuwa?

Ya faɗa, a Romawa 5:20. Kuma da yake ya san abin da wasu za su yi da maganar, bai yi nisa ba ya yi tambayar da kansa a farkon sura 6, wai mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru? Ya ce ko kaɗan, mu da muka mutu ga zunubi ta yaya za mu ci gaba da zama a cikinsa. Hujjarsa ita ce baftisma, an binne ka tare da Almasihu an tashe ka ka yi sabuwar rayuwa. Wanda aka ciro daga rijiya da kyar ba ya komawa ya sake faɗawa don ya ga akwai igiya a kusa, in kuwa ya koma toh sai a tambaya ko ya san irin abin da aka fid da shi daga ciki.

Tunanin nan ba na zamani ba ne fa. Yahuza aya ta 4 ta yi magana kan mutanen da suka sulalo cikin ikkilisiya suna mai da alherin Allah hujjar fasikanci. A zamanin Martin Luther ma wani abokinsa kuma tsohon ɗalibinsa, Johann Agricola, ya fara koyar da cewa bai kamata a riƙa wa'azin Dokoki Goma ga Kirista ba, bishara kaɗai ta isa. Rigimar ta ɗauki shekarun 1537 zuwa 1540 a Wittenberg, Luther da kansa ya rubuta raddi a 1539. Mutumin da aka fi sani da wa'azin ceto ta wurin bangaskiya kaɗai shi ne ya tsaya ya ce a'a.

An ce Yesu ya biya zunubaina na baya da na yanzu da na gaba. Me zai sa in riƙa furta zunubi kuma?

Domin Yesu ne ya koya mana haka. A addu'ar da ya ba almajiransa akwai "ka gafarta mana", addu'a ce ta kullum, ta waɗanda ke kiran Allah Uba. 1 Yohanna 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci zai gafarta mana ya tsarkake mu. Akwai wata koyarwa da ta yaɗu a intanet da talabijin da ke cewa wannan ayar don marasa bi aka rubuta ta, wai mai bi in ya roƙi gafara yana nuna rashin bangaskiya ne. Ni dai ban ga yadda wannan zai tsaya ba, Yohanna cewa ya yi "mu" ya sa kansa a ciki, ayoyi biyu a gaba kuma ya kira su 'ya'yansa ƙanana ya ce in wani ya yi zunubi muna da mai tsaya mana a wurin Uba.

Yawancin 'yan Protestan sukan bayyana shi ta Yohanna 13:10, inda Yesu ya gaya wa Bitrus cewa wanda ya yi wanka ƙafa kawai yake buƙatar wankewa. Furtawar yau da kullum ba sabon ceto take nema ba, zumunci take gyarawa. Dauda a Zabura 32 ya faɗi yadda ƙasusuwansa suka lalace lokacin da ya yi shiru da laifinsa, a Zabura 51:12 kuma abin da ya roƙa a maido masa shi ne farin cikin ceto. Luther ma da ya rubuta batutuwansa 95 a 1517, na farkonsu cewa ya yi Yesu yana so rayuwar mai bi gaba ɗayanta ta zama ta tuba.

Mai bi zai iya rasa cetonsa sabida zunubi?

Nan ne babbar rabuwa take, kuma shekaru ɗaruruwa ana ta yi. Masu bin koyarwar John Calvin, wato Reformed da Presbyterian da Baptis da yawa, sun ce wanda aka maya haihuwarsa da gaske ba zai halaka ba. Suna riƙe da Yohanna 10:28-29, babu mai ƙwace tumakin daga hannunsa, da Romawa 8:38-39 da Filibiyawa 1:6. An tsayar da wannan a taron Dort da aka yi a Holan a 1618 zuwa 1619, bayan almajiran Jacobus Arminius sun gabatar da ƙorafinsu a 1610. Amma kada a yi musu ƙarya, ba su ce zunubi ba komai ba ne. Shaidar bangaskiya ta Westminster, ta 1646, ta faɗa ƙarara cewa mai bi zai iya faɗawa cikin mummunan zunubi ya daɗe a ciki, ya jawo fushin Allah, ya ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, zuciyarsa ta taurare, lamirinsa ya ji rauni, ya sa wasu tuntuɓe, ya kuma jawo wa kansa horo a nan duniya. Wanda kuwa ya tafi bai taɓa dawowa ba, suna cewa da ma can ba na ciki ba ne, bisa 1 Yohanna 2:19.

Methodist da ikkilisiyoyin tsarki da yawancin 'yan Pentikostal, masu bin layin Arminius da John Wesley wanda ya fara tafiyar Methodist, sun ce gargaɗin da ke cikin Ibraniyawa 6 da 10, da 2 Bitrus 2:20-22, da reshen da ake sarewa a Yohanna 15, gargaɗi ne na gaske ga masu bi na gaske, mutum zai iya juya baya ya bar bangaskiya da ƙafarsa. Lutheran ma sun yarda da haka, Shaidar Augsburg ta 1530 ta ƙi koyarwar da ke cewa wanda aka baratar, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ba zai iya rasa Ruhu Mai Tsarki ba. Katolika sun ce zunubi mai kisa yana raba mutum da alherin ceto har sai ya tuba, duba tambaya ta gaba.

Abin da na lura shi ne in aka zo kan mutum takamaimai, wanda ke zaune cikin zunubi hankali kwance ba tuba ba niyyar tuba, duk ɓangarorin magana ɗaya za su gaya masa: kana cikin haɗari. Ɗaya zai ce kana gab da rasawa, ɗaya zai ce anya ka taɓa samu kuwa, amma babu wanda zai ba shi tabbaci. Kuma babu fasto mai hankali a kowane ɓangare da zai ce maka duk ƙaramin tuntuɓe yana fitar da kai daga ceto da safe ka koma da yamma.

Duk zunubi ɗaya ne a wurin Allah, ko akwai babba da ƙarami?

Ta fuska ɗaya duk ɗaya ne, Yakubu 2:10 ta ce wanda ya karya doka ɗaya ya zama mai laifin duka, kowane zunubi yana buƙatar jinin Yesu. Ta wata fuskar kuwa sam ba ɗaya ba ne. Yesu ya gaya wa Bilatus cewa wanda ya bashe shi gare shi ya fi shi zunubi (Yohanna 19:11), ya kuma ce bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha duka fiye da wanda bai sani ba (Luka 12:47-48).

Katolika sun tsara wannan zuwa gida biyu, suna dogara da 1 Yohanna 5:16-17. Zunubi mai kisa sai abu uku sun haɗu: laifin babba ne, mutum ya sani sarai, kuma da gangan ya yi. In ɗaya ya rasa ya zama ƙaramin zunubi, wanda ke raunana ƙauna amma ba ya kashe ta. Haka yake a Katekizim ɗinsu, wato littafin koyarwarsu, na 1992. 'Yan Protestan ba su karɓi wannan rabon a matsayin doka ba amma sun yarda zunubai sun fi juna muni. Abin da ke damuna shi ne yadda ake amfani da "ai duk zunubi ɗaya ne" don a rufe bakin wanda aka zalunta, a ce wa matar da mijinta ya daka ke ma ai kina da naki. Wannan murɗe Nassi ne.

Me ya sa Katolika ke zuwa wurin fada, wato firist ɗinsu, har a ba su wani aiki su yi bayan an gafarta musu?

Sun dogara da Yohanna 20:23, inda Yesu ya ce wa manzanni duk wanda suka gafarta wa zunubi an gafarta masa. Tun taron Lateran na huɗu a 1215 aka wajabta wa kowane ɗan Katolika ya furta zunubansa a gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara, taron Trent na 1545 zuwa 1563 ya ƙara tabbatar da shi. A fahimtarsu gafara tana ɗauke hukuncin har abada, amma akwai sauran lahani da zunubi ya bari a zuciya, wato mannewa ga abin da bai dace ba, shi ne ake warkarwa da addu'a da azumi da sadaka da gyara abin da aka ɓata. Abin da bai gama tsarkakuwa ba a nan sun ce za a ƙarasa shi bayan mutuwa a furgatori. 'Yan Protestan sun ƙi furgatori, suna cewa hadayar Yesu sau ɗaya ta wadatar bisa Ibraniyawa 10:14. Otodoks suna da furta zunubi a gaban firist su ma, sai dai sun fi kallon zunubi a matsayin cuta da ake jinya fiye da shari'a da ake yankewa.

1 Yohanna 3:9 ta ce wanda Allah ya haifa ba ya yin zunubi. Kirista zai iya kaiwa matsayin da ya daina kwata-kwata?

Wasiƙar da ta faɗi haka ita ce ta ce a 1:8 in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi. Shi ya sa mafi yawan masu fassara suka fahimci 3:9 a kan wanda ya mai da zunubi sana'a, ya zauna a ciki.

Wani malami mai suna Pelagius a farkon ƙarni na 5 ya koyar da cewa mutum na da ikon rayuwa ba zunubi in ya so, Agustin, bishop a Arewacin Afirka, ya ƙalubalance shi, taron Kartaj na 418 ya ƙi koyarwar har ya ce ko tsarkaka in sun ce "ka gafarta mana" da gaske suke don kansu, ba tawali'un baki ba ne kawai. Luther ya ce mai bi baratacce ne kuma mai zunubi a lokaci guda. Wesley ya tsaya a wani wuri daban, ya koyar da cewa Allah zai iya cika zuciya da ƙauna har mutum ya daina karya dokar da ya sani da gangan, amma shi ma ya ce kuskure da rashin sani da rauni ba sa ƙarewa a wannan rayuwar. Ko Romawa 7, inda Bulus ke cewa abin da nake so ba shi nake yi ba, ana gardama a kai, Agustin a ƙarshen rayuwarsa da Luther da Calvin sun ce mai bi ne ke magana, Arminius da Wesley sun ce mutum ne kafin ya sami 'yanci.

Zunubi ɗaya nake ta maimaitawa, in tuba in koma. Tubana na ƙarya ne kenan?

Ba lalle ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yadda abin ke ci maka rai har ka zo kana tambaya shi kansa alama ce mai kyau, zuciyar da ta mutu ba ta jin zafi. Yesu da ya ce wa Bitrus ya gafarta wa ɗan'uwansa har bakwai sau saba'in ba zai zama ya fi mu rowar gafara ba. Ka koma wurinsa yau, kada ka jira sai ka yi sati biyu a tsabtace kafin ka ji ka cancanci yin addu'a, wannan jiran ne ma yake ƙara nutsar da mutane.

Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah, ban da kuka me ka canza? 2 Korintiyawa 7:10-11 ta raba baƙin ciki irin na Allah da irin na duniya, na Allah yana haifar da himma. Yesu ya yi magana mai zafi a Matiyu 5:29-30 kan cire ido da yanke hannu, ma'ana ka rabu da abin da ke kai ka can ko da yana da tsada a wurinka. In lambar waya ce goge ta, in wani wuri ne daina bi ta nan, in kuɗin mutane ne ke hannunka ka roƙi a sa wani ya riƙa duba lissafin. Sannan ka gaya wa mutum ɗaya amintacce, Yakubu 5:16 ta ce ku furta wa juna zunubanku, zunubin da ke ɓoye ƙarfinsa ya ninka. In kuma abin ya zama jaraba ta shaye-shaye ko caca wadda jiki da ƙwaƙwalwa suka kamu, ganin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Ibraniyawa 10:26 tana ba ni tsoro. Ko na yi zunubin da ba a gafartawa?

Ayar ta ce in mun ci gaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya babu sauran hadaya. Karanta har aya ta 29 za ka ga wanda ake nufi, mutumin da ya tattake Ɗan Allah ya mai da jinin alkawari abin banza, wato ya ƙi hadayar da kanta, toh wace kuma ta rage masa. Saɓon Ruhu Mai Tsarki a Markus 3:22-30 kuma an faɗe shi ne ga malaman da suka ga aikin Allah ƙiri-ƙiri suka ce na Iblis ne. Mai wannan hali ba ya neman gafara. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku har da rantsuwa, an kuma maido shi a Yohanna 21.

Ikkilisiya ta taɓa fuskantar wannan tambayar da jini a jika. A shekara ta 250 sarkin Roma Decius ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kiristoci da yawa suka yi don tsoro. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka. Novatian a Roma ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓarsu, Cornelius bishop na Roma da Cyprian na Kartaj suka ce a karɓe su bayan lokacin tuba. Ra'ayi na biyun ne ya tsaya, taron Nikiya na 325 ma ya sa wa mabiyan Novatian sharaɗin su yarda su yi tarayya da waɗanda suka faɗi suka tuba.

Wahalar da nake sha yanzu, hukuncin tsohon zunubina ne?

Kada ka yi saurin yanke haka, kada kuma ka bari wani ya yanke maka. Abokan Ayuba sun yi wannan lissafin, Allah ya tsawata musu, almajirai sun yi shi kan makahon Yohanna 9 Yesu ya ce ba shi ba ne ba iyayensa ba. Wata wahalar girbin abin da aka shuka ce kai tsaye (Galatiyawa 6:7), kamar yadda aka gani a labarin Dauda a sama, wata horo ce ta Uba ga ɗan da yake ƙauna (Ibraniyawa 12:5-11), wata kuwa zaman duniya ne kawai. Ko wacce ce, ba biyan bashin da Yesu ya riga ya biya kake yi ba.

Na tuba ga Allah. Dole ne kuma in je wurin wanda na cuta?

In zai yiwu, dole ne. Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ajiye baikon ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Tun a Littafin Firistoci sura 6 wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace sai ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka 19, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Mutumin da ke yabon Allah a coci da kuɗin marayu a asusunsa, yana cewa an wanke shi da jini, bai gama tuba ba tukuna.

Haka batun kotu. Gafarar Allah ba ta soke shari'ar ƙasa, ɓarawon da ke kan gicciye ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, an yi masa alkawarin Firdausi, amma ba a sauko da shi ba. Sai dai a yi hikima, akwai inda zuwanka zai tada wa wanda ka cuta tsohon ciwo ko ya tsorata shi, a nan nemi shawarar dattijo mai tsoron Allah kafin ka ɗaga ƙafa. Kuma ba ka da ikon tilasta masa ya yafe maka a ranar.

Fasto ko dattijo ya faɗi, ya tuba. A mayar da shi kan muƙaminsa?

Gafara daban, amana daban. Ikkilisiya ta karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, Bulus da ya ce a fitar da mai fasikanci a 1 Korintiyawa 5 shi ne ya roƙi a 2 Korintiyawa 2 a gafarta wa mai laifin da ya sha horo a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya cinye shi. Shugabanci kuwa yana da sharuɗɗa a 1 Timoti 3 da Titus 1, ciki har da zama marar abin zargi, 1 Timoti 5:20 ma ta ce dattijon da ke zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Ɗariku sun bambanta kan tsawon dakatarwa da ko za a iya dawowa ma. Abu ɗaya dai ba na sassautawa a kai, in laifin cin zarafin yara ne ko fyaɗe, a kai shi gaban hukuma, kuma kada a sake ba shi amanar waɗanda ba za su iya kare kansu ba komai yawan hawayensa.

Duk wannan ba komawa ceto ta wurin ayyuka ba ne?

Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece ku ba ta ayyuka ba, aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah. Jerin ne ya kamata a kiyaye, karɓuwa a gaba biyayya na biye. Ko Katolika da Lutheran da suka yi ƙarnuka suna jayayya a kan wannan sun sa hannu a wata sanarwa tare a Augsburg ranar 31 ga Oktoba 1999, suka amince cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum, Ruhu kuma yana sabunta zuciya ya kira shi ga ayyuka nagari. Methodist na duniya suka shiga a 2006.

Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Nazi ta rataye a Afrilun 1945, ya rubuta a 1937 kan abin da ya kira alheri mai araha, wato wa'azin gafara ba tare da tuba ba. Ya faɗe shi ne yana kallon yadda coci-coci da yawa a ƙasarsa suka yi shiru da zalunci suna kuma ta shelar gafara duk Lahadi.

In babu hukunci, me za a tambaye ni a ranar ƙarshe?

2 Korintiyawa 5:10 ta ce dukanmu za mu bayyana a gaban kursiyin shari'ar Almasihu, kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi, kuma masu bi Bulus ke rubuta wa. A 1 Korintiyawa 3:11-15 ya ce wuta za ta gwada aikin kowa, wani nasa zai tsaya ya sami lada, wani nasa zai ƙone ya yi hasara, shi kansa zai tsira amma kamar wanda ya fito ta cikin wuta. 'Yan Protestan da yawa sun ɗauke ta a kan lada, Katolika suna ganin alamar tsarkakewar nan da aka ambata a tambayar zuwa wurin fada.

Na yi zunubi cikin satin nan. In ci Jibin Ubangiji ko in ƙaurace?

Bulus ya ce kowa ya gwada kansa sannan ya ci (1 Korintiyawa 11:28), ya kuma ce wasu a Korinti sun yi rashin lafiya wasu har sun mutu don sun ci da rashin cancanta, a can laifin shi ne masu hali na ƙoshi suna wulaƙanta matalauta a wurin cin. Manufar gwajin ita ce ka gyara ka zo. A yawancin ikkilisiyoyin Protestan in ka furta ka tuba da gaske ka ci, teburin na masu zunubi ne da suka tuba, shi ya sa da yawa ke yin addu'ar furta zunubi tare kafin a raba. In kana riƙe da zunubin ba ka da niyyar saki, ko akwai wanda ka cuta ka ƙi nemansa, gara ka dakata ka bi abin da aka faɗa a tambayar zuwa wurin wanda ka cuta. Ɗan Katolika da ya san yana da zunubi mai kisa dokarsu ta ce ya je wurin fada tukuna kafin ya karɓa. Wanda kuma ikkilisiyarsa ta sa a ƙarƙashin horo ya jira har dattawa su ɗage masa, kada ya zagaya wata coci ya ci a ɓoye.